A kwamfutarka tana aiki, a ta mai kanti ta ƙi: yadda ake bin sawun matsalar manhajar kwamfuta

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya kai wa wani ya san wannan kiran. Ka shafe makonni kana gina manhajar lissafin kaya ta kantin magani, ka gwada ta safe da yamma, ka mayar da ita fayil ɗin exe, ka zuba a filash ka kai. Bayan kwana biyu sai ga waya: "Malam, abin nan naka ya ƙi buɗewa." Ka koma ka buɗe a taka kwamfutar, sai ga ta tana aiki lafiya lau.

A irin wannan lokaci yawancinmu muke fara lalube a duhu. Mu canza nan, mu canza can, mu sake haɗa exe mu tura, mu zauna muna fatan a dace. Wannan jagora ta wata hanya ce daban. Zan yi misali da kayan aikin da masu farawa suka fi riƙewa, wato Python da Tkinter ko PyQt (masu gina tagogi da maɓallan manhaja), rumbun bayanai na SQLite, da PyInstaller (mai mayar da kod ɗin Python fayil ɗin exe) a kan Windows. Mai rubutu da C# ko Java zai ga sunaye sun bambanta, amma cututtukan su ne dai.

Kafin ka taɓa kod, yi tambaya

"Ya ƙi aiki" ba bayani ba ne, kuka ne. Aikinka na farko shi ne ka mayar da kukan bayani. Ka roƙi mai kantin ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya turo maka ta WhatsApp, kada ya karanta maka saƙon da baki, domin kalma ɗaya da zai tsallake tana iya zama ita ce amsar. Ka tambaye shi me ya danna na ƙarshe, kuma kullum ne abin ke faruwa ko wani lokaci. Tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce: me ya canza tsakanin ranar da take aiki da ranar da ta daina? An ɗauke wuta tana kunne? An matsar da foldar? Wani ya saka sabuwar manhajar kariya?

Sannan ka san kwamfutar. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta `winver`, za ta faɗi wace Windows ce. A bayanan tsarin kuma za a ga ko mai bit 32 ce ko mai 64. Wannan minti biyun yakan cece ka daga wahalar yini guda.

Sa manhajar ta yi magana

Nan ne zan fi daɗewa, don sauran matakan duk a kansa suke tsaye. Manhajar da ke mutuwa shiru ba a iya yi mata magani.

Idan ka danna exe sau biyu, wani abu ya yi walƙiya ya ɓace, to saƙon kuskuren ya fito, tagar ce ta rufe kafin ka karanta. Buɗe foldar da fayil ɗin yake, rubuta `cmd` a layin adireshi na sama, danna Enter, sannan ka rubuta sunan manhajar a baƙar tagar da ta fito. Yanzu ko ta mutu, saƙon zai tsaya. Idan kuwa da `--windowed` ka haɗa ta, wato zaɓin PyInstaller da ke hana baƙar tagar fitowa, babu inda saƙon zai fito, don haka sake haɗa wata ta gwaji ba tare da shi ba. Akwai ma wani tarko a nan: a manhajar da aka haɗa babu baƙar taga, `sys.stdout` da `sys.stderr` ba komai a cikinsu sai `None`. Duk laburaren (kod ɗin wasu da manhajarka ke amfani da shi) da ya yi ƙoƙarin rubuta wani abu kai tsaye a cikinsu zai kayar da manhajar, alhali a wurinka bai taɓa yin haka ba.

Amma ba kullum za ka kasance a gaban kwamfutar ba. Saboda haka kowace manhaja da za ta bar hannunka ta tafi da littafin rahotonta:

```python
import logging, os, sys
from pathlib import Path

gida = Path(os.environ["LOCALAPPDATA"]) / "Kanti"
gida.mkdir(exist_ok=True)

logging.basicConfig(
    handlers=[logging.FileHandler(gida / "rahoto.log", encoding="utf-8")],
    level=logging.INFO,
    format="%(asctime)s %(levelname)s %(message)s",
)

def kama(iri, kuskure, sawu):
    logging.error("Kuskuren da ya kuɓuce", exc_info=(iri, kuskure, sawu))

sys.excepthook = kama
```

Mai amfani da Tkinter ya ƙara layi ɗaya bayan ya ƙirƙiri babbar tagarsa: `tushe.report_callback_exception = kama`. Dalili kuwa, kuskuren da ya faru bayan an danna maɓalli ba ya bi ta `sys.excepthook`, Tkinter ce ke kama shi da kanta ta rubuta a baƙar taga. Idan babu tagar, sai mai kanti ya danna "Ajiye", ba abin da ya faru, ba saƙo, shi kuma ya ɗauka an ajiye. PyQt5 kuma tun daga sigar 5.5 akasin haka take yi: kuskure ɗaya da ba a kama ba yana rufe manhajar gaba ɗaya nan take, sai fa idan ka saka naka `excepthook`.

Wani lokaci mutuwar ba daga Python take ba, daga can ƙasa ce, a wani laburare da aka rubuta da C. Irin wannan ba ta barin sawu a rahotonka. Kunna `faulthandler` ka nuna masa fayil ɗin da zai rubuta, zai faɗa maka layin da ake kai lokacin da abin ya faɗi. Sannan buɗe Event Viewer na Windows, shiga Windows Logs, sai Application, ka nemi lamba 1000. A nan za ka ga sunan fayil ɗin DLL (laburaren da manhajojin Windows ke kira) da ya jawo faɗuwar. Idan ka ga `0xc0000005`, manhajar ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba, kuma a manhajar taga sau da yawa dalilin shi ne wani zaren aiki na gefe (thread, wato aikin da ke gudana a gefen babban aikin manhajar) ya taɓa taga. Za mu zo kansa.

In saƙon ya zo hannunka, daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe shi ne sunan kuskuren da bayaninsa. Daga nan ka hau sama a hankali har ka iso layi na farko da ke ɗauke da sunan fayil ɗin da kai ka rubuta. Galibi nan ne inda gizo ke saƙar.

Ina roƙonka abu ɗaya da gaske. Bincika kod ɗinka, duk inda ka rubuta `except:` ka bi shi da `pass`, ka cire. Wannan ba gyara ba ne, toshe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Na ga manhajar da ta yi wata guda ba ta ajiye wani ɓangare na cinikin rana saboda waɗannan layuka biyu, kuma ba wanda ya sani sai da aka zo lissafin ƙarshen wata aka fara zargin yaron kanti. Idan dole ka kama kuskure, kama irin wanda kake tsammani, ka rubuta shi a rahoto da `logging.exception`, ka kuma sanar da mai amfani cewa abin bai yiwu ba.

Maimaita matsalar da hannunka

Kuskuren da ba ka iya tayar da shi da gangan, ba za ka taɓa tabbatar da ka kashe shi ba. Kwamfutarka kuwa mummunan wurin gwaji ce, domin cike take da abubuwan da ka saka ka manta: Python kanta, laburarori, fayilolin DLL da wasu manhajoji suka zo da su. Samu Windows wadda ba a saka mata komai ba. VirtualBox, mai ba ka damar kunna wata Windows a cikin taka, kyauta ce, kuma masu Windows 10 Pro ko 11 Pro suna da Windows Sandbox, wadda ke buɗewa sabuwa fil kowane lokaci. Ka gwada da asusun da ba na mai cikakken iko ba, kuma in zai yiwu ka karɓi kwafin ainihin bayanan mai kantin, da izininsa. Manhajar da ke gudu da kaya goma na gwaji ba lallai ta jure kaya dubu takwas ba.

Da zarar matsalar ta bayyana a gabanka, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta sakamakon. Idan ka canza uku abin ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, wataƙila ma biyun sun shuka wata sabuwar matsala. Idan kana ajiye aikinka a Git, kuma ka san makon jiya lafiya take, `git bisect` zai riƙa raba canje-canjen gida biyu har ya nuna maka wanda ya kawo ɓarnar. Canji ɗari, gwaji bakwai ya isa.

Idan ta ƙi buɗewa sam

`FileNotFoundError` shi ne sarki a nan. Ka rubuta `open("saiti.json")` ko ka kira `"tambari.png"` haka kawai. Python ba ta neman irin wannan fayil a kusa da kod ɗinka, tana nemansa ne a foldar da aka tayar da manhajar daga cikinta. A wurinka wuraren biyu ɗaya ne, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Da aka buɗe ta daga gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta, sai suka rabu. Gina adireshin daga `Path(__file__).parent`, kuma ka gaya wa PyInstaller ya ɗauki fayilolin da `--add-data`, don shi kod kawai yake bi, bai san da hotunanka ba. Wajen rubuta adireshi kuma a kula da karkatacciyar sandar Windows: a cikin `"C:\new"` Python tana ganin `\n` a matsayin sabon layi. Yi amfani da `pathlib` ka huta.

`ModuleNotFoundError` a cikin exe kaɗai yana nufin PyInstaller bai hango wani laburare ba, yawanci don ana kiransa ne bayan manhaja ta riga ta tashi. A foldar `build` akwai fayil mai suna da ya fara da `warn-`, duba shi, sannan ka ƙara sunan da `--hidden-import`.

Idan Windows ta ce ba ta ga `VCRUNTIME140.dll` ko `MSVCP140.dll` ba, a saka Visual C++ Redistributable daga shafin Microsoft. Kada ka je wani shafi ka sauko da DLL ɗaya tilo ka jefa a System32, hanya ce da ake yaɗa bairos da ita. Lambar `0xc000007b` kuma galibi tana nufin an cakuɗa kayan bit 32 da na 64. Manhajar da aka haɗa da Python mai bit 64 ba za ta tashi a Windows mai bit 32 ba, amma ta 32 tana tashi a duka biyun.

Ga wata da ke cin mutane a wurarenmu, inda tsofaffin kwamfutoci ke ci gaba da aiki a shaguna da makarantu: Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Daga 3.9, wadda ta fito a 2020, an daina. Idan ka ga ƙorafin rashin `api-ms-win-core-path-l1-1-0.dll`, wannan ne dalilin, kuma babu dabarar da ta fi ka sake haɗawa da 3.8. Qt 6, wanda PyQt6 ke kansa, shi ma ba ya aiki a Windows 7, sai a tsaya a PyQt5. Wannan tambaya ce ta ranar farko, kafin ka rubuta layi ɗaya.

Sai manhajar kariya. Tana yawan zargin exe ɗin PyInstaller, musamman wanda aka haɗa da `--onefile`, wato komai a fayil ɗaya, saboda yana kwance kansa a ɓoye kamar yadda wasu miyagun manhajoji ke yi. Ban yarda a ce wa mai kanti ya kashe kariyarsa ba. Haɗa da `--onedir`, wanda ke zuba komai a folda ɗaya, ka naɗe foldar da Inno Setup ta zama abin sakawa na mutunci, kuma Microsoft tana da shafin da ake tura fayil ɗin da aka zarga bisa kuskure.

Bayanai suna ɓacewa bayan an rufe

Wannan ta fi ƙin buɗewa ciwo, don an riga an yi aiki. Exe na `--onefile` duk lokacin da aka buɗe shi yana zube kayansa a wata folda ta wucin gadi mai suna da ya fara da `_MEI`, idan an rufe kuma ya share ta. To idan rumbun bayananka yana kusa da `__file__`, a cikin wannan foldar yake, kuma tare za a share su. Gobe manhajar ta tashi da sabon rumbu babu komai a ciki.

Ka raba abubuwa gida biyu. Abin karantawa kawai, kamar tambari da hotuna, ya tafi cikin kunshin. Abin da ake rubutawa, wato rumbun bayanai da saiti da rahoto, ya zauna a `LOCALAPPDATA` kamar yadda muka yi a sama. Kada ka sa shi a Program Files, Windows ba ta barin talakan asusu ya yi rubutu a can, `PermissionError` za ka samu. Idan wurin daidai ne amma har yanzu ana rasa bayanai, duba ko ka manta `commit()`. Kafin a kira shi, abin da ka rubuta yana bayyana a manhajar kamar an ajiye, amma bai tabbata a faifai ba.

Taga ta daskare

An danna "Fitar da rahoton shekara", tagar ta yi fari-fari, sama an rubuta Not Responding. Mai kanti ya ɗauka ta mutu, ya kashe ta da ƙarfi a tsakiyar aiki.

Ka ɗauki manhajar taga kamar kanti mai ma'aikaci ɗaya. Shi ke amsa sallama, shi ke miƙa kaya, shi ke gyara kanta. Windows tana aiko masa saƙonni ba ƙaƙƙautawa: an motsa linzami, an danna harafi, sake zana nan. Idan ka aike shi sito ya ƙirga kwalaye, ba mai amsa sallama, kuma bayan daƙiƙa 5 Windows za ta yi shelar cewa ba kowa. Shi ya sa `time.sleep()` ba shi da wuri a cikin aikin maɓalli. In jira kake so, akwai `after()` a Tkinter da `QTimer` a Qt.

Aiki mai nauyi, kamar dogon bincike a rumbu, sauko da abu daga intanet ko haɗa PDF, a ba wa zaren aiki na biyu. Sai dai akwai doka ɗaya da ba a karyawa: zaren gefe ba ya taɓa taga. Ba ya canza rubutu, ba ya fito da akwatin saƙo. Ya ajiye sakamakonsa a layi, babban zare ya zo ya ɗauka:

```python
layi = queue.Queue()

def aiki():
    layi.put(hada_rahoto())

def duba():
    try:
        sakamako = layi.get_nowait()
    except queue.Empty:
        tushe.after(100, duba)
    else:
        nuna(sakamako)

threading.Thread(target=aiki, daemon=True).start()
duba()
```

A Qt, sigina ke yin wannan aikin. Abin da ke sa karya dokar ya zama masifa shi ne sau tara cikin goma ba abin da zai faru, sai a na goman manhajar ta rufe ba sallama, ko ta ce `main thread is not in main loop`. Kulle maɓallin yayin da aikin ke gudana don kada a danna shi sau uku, ka kuma tuna kuskuren da ya faru a zaren gefe `threading.excepthook` ne ke kama shi, sai ka haɗa shi ma da rahotonka.

Tunda muna kan Tkinter: hoton da ka saka ya ƙi fitowa, ba kuskure ba komai, sai farin fili? Ka ƙirƙiri `PhotoImage` a cikin wani aiki, aikin ya ƙare, Python ta ga ba wanda ke riƙe da hoton ta share shi. Ajiye shi a wuri mai ɗorewa, misali `self.hoto`.

Ƙ, ɗ, ɓ da alamar naira

Wannan matsalar tamu ce, kuma ba kasafai darussan da ake samu a intanet ke tsayawa a kanta ba. Manhaja tana aiki lafiya har ranar da aka shigar da sunan wani Ɗanladi ko wani kaya daga Ƙofar Wambai, sai ta faɗi da `UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'`. Wannan lambar ita ce ƙ.

Ga abin da ke faruwa. Idan ka kira `open()` ba ka faɗi tsarin haruffa ba, Python a kan Windows takan ɗauki tsohon tsarin kwamfutar, wanda a Windows ta Turanci ko ta Faransanci shi ne cp1252. Tsari ne da aka yi don harsunan Yammacin Turai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ, babu ma ₦. Abin da ke ruɗa mutum shi ne `print()` yana nuna haruffan daidai a baƙar taga, sai an zo rubutawa a fayil ne ake faɗuwa. Maganin gajere ne: kowane `open()` na rubutu ya samu `encoding="utf-8"`, wajen rubutawa da wajen karantawa.

Koyi gane alamun. Idan ka ga `Æ™` a wurin ƙ, ko `É—` a wurin ɗ, bayananka ba su lalace ba. An rubuta su daidai da UTF-8, mai karantawa ne ya karanta da cp1252, don haka shi za ka gyara, kada ka bi fayil ɗin kana sauya haruffa da hannu. Babban Ɓ ma ba ya ko bari a kai nan, yana tsayar da karatun da `can't decode byte 0x81`. Amma idan alamar tambaya ka gani a wurin harafin, to an riga an zubar da shi tun wajen ajiyewa, sai an sake shigarwa. Akwatin murabba'i kuma na nufin harafin yana nan lafiya, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da shi. Fayil ɗin CSV da za a buɗe da Excel a rubuta shi da `utf-8-sig`, in ba haka ba Excel zai dagula haruffan. Ƙananan firintocin rasit ma yawanci ba su san haruffanmu ba, hanyar da ta fi tabbas ita ce a zana rasit ɗin a matsayin hoto a tura musu.

Akwai ta biyu, mai ɓoyewa. `LIKE` da `lower()` na SQLite haruffan A zuwa Z kaɗai suke daidaita babba da ƙarami. A wurinsu Ƙ da ƙ ba su san juna ba. Ga kuma yadda mutane ke rubutu: wani ya rubuta ƙ, wani k', wani k kawai don allon rubutunsa ba shi da ita. A Najeriya ana rubuta 'y, a Nijar ƴ. Sai a nemi mutum a rasa, a sake buɗe masa sabon shafi, bashinsa ya rabu gida biyu. Abin da nake yi shi ne in ajiye sunan yadda aka rubuta shi, sannan in ƙara wani gurbi na bincike kawai, inda na mayar da komai ƙananan haruffa da `casefold()` na Python, na sauya ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ɓ zuwa b, ƴ zuwa y, na cire alamar ' ɗin da ke cikin k' da 'y. Abin da aka rubuta a akwatin nema ma ta wannan matatar yake bi.

Wanda manhajarsa za ta yi aiki a Maraɗi ko Damagaram ya ƙara da wannan: a Windows mai saitin Faransanci ana rubuta 12,5 ne a maimakon 12.5, kuma `float("12,5")` kuskure yake bayarwa. Excel ɗinsu kuma da `;` yake raba gurabun CSV.

Rumbun bayanai ya kulle ko ya lalace

SQLite marubuci ɗaya take bari a lokaci guda. Na biyu zai jira, a Python daƙiƙa 5 idan ba ka canza ba, sannan ya ce `database is locked`. Kafin ka ƙara lokacin jira, nemo wanda ya riƙe ƙofar. Yawanci wani wuri ne a kod ɗinka da ya fara rubutu bai yi `commit()` ba, ko an buɗe manhajar sau biyu, ko kai da kanka ka bar rumbun a buɗe a DB Browser, manhajar duba rumbun SQLite, da canjin da ba ka ajiye ba. Kowane zare ya buɗe tasa mahaɗar, kuma `PRAGMA journal_mode=WAL` yana barin masu karatu su ci gaba yayin da ake rubutu. Idan mai kanti ya ce yana son kwamfuta uku su yi aiki da fayil ɗaya ta foldar da aka raba a kan netwok, ka ce masa a'a. WAL ba ya aiki a haka, kuma kulle fayil ta netwok ba abin dogaro ba ne. Wannan aikin PostgreSQL ne ko MySQL.

Game da ɗaukewar wuta, SQLite an gina ta ne ta jure, muddin ba ka cire mata kariyarta ba. Kada ka sa `synchronous=OFF` don neman sauri. Idan wuta ta ɗauke ka ga wani fayil mai ƙarewa da `-journal` ko `-wal` a gefen rumbun, kada ka share shi, kada kuma ka kwafi rumbun ka bar shi, da shi za ta gyara kanta idan an sake buɗewa. Rubutun da ke tafiya tare, kamar rage kaya da shigar da ciniki, su kasance cikin ma'amala ɗaya (transaction), ko duka su shiga ko duka su fasa. In ka ga `database disk image is malformed`, fara kwafe komai gefe, sannan ka gudanar da `PRAGMA integrity_check`. Abin da zai cece ka a ranar shi ne kwafin ajiya, don haka sa manhajar ta riƙa yi da kanta kullum ta hanyar `backup()`, ta ajiye na kwanaki da dama, ɗaya kuma a wajen kwamfutar.

Ƙananan da ke cizo

Kuɗi ba a ajiye shi da `float`. Gwada `0.1 + 0.2` ka ga `0.30000000000000004`. Ajiye kobo a matsayin cikakkiyar lamba, ka raba da 100 wajen nunawa. Kwanan wata a ajiye shi shekara, wata, rana, kamar 2024-03-09, shi ne ke jeruwa daidai. Idan rasit ya fara fitowa da wata tsohuwar shekara, ko haɗin intanet ya ƙi saboda takardar shaidar tsaro, duba agogon kwamfutar, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu. Tagar da ta yi kyau a babban allonka kuma ka gwada ta a 1366 da 768, da kuma girman rubutu na kashi 125 da 150, don a nan ne maɓallin "Ajiye" ke faɗawa ƙasan allo inda hannu ba ya kai.

Bayan ka yi gyaran, koma kan tsaftatacciyar Windows ɗin nan ka bi ainihin matakan da suka tayar da matsalar, da bayanan mai kantin. Ƙara lambar siga, ka sa ta fito a saman taga da kuma layin farko na rahoto, domin sau da yawa za a ce maka gyaran bai yi ba alhali tsohon exe ake buɗewa daga wata folda. Ka kuma saka maɓalli ɗaya a cikin manhajar mai suna "Buɗe rahoto", wanda zai kira `os.startfile(gida)`. In an sake kiranka, sai ka ce: "Alhaji, danna wancan maɓallin, ka turo min fayil ɗin da ka gani."